Azurfar Rabi a Goshin Makaɗi

Mutanen Dakoro sun san an taɓa ɗaure ni a Wagadugu zamanin Faransa, amma kowa da dalilin da yake bayarwa. Wasu sun ce Banasare na mara, har akwai samarin da ke gaishe ni da girmamawa saboda haka. Wasu sun ce sata na yi. Ban mari kowa ba, ban kuma ɗauki ko allurar wani ba. Kyauta na yi wa makaɗi, irin wadda na tashi na ga ubana yana yi, aka kai ni kaso. Har gobe ban yarda na yi laifi ba, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Sunana Lawali. Rakiyar shanu ce ta fitar da ni daga gida zuwa kurmi, damina ɗaya bayan na auri Rabi, 'yar Baba Na-Allah. Da muka isa Buwake, a ƙasar Kwaddibuwa, mai shanun ya sayar da su kaf, ya ce mu jira shi a gindin wani mangwaro, ya je ya yo canji ya sallame mu. Da na biye masa, da har yau ina gindin mangwaron nan. Daga nan na yi wa wani mutum aikin gonar koko, ya biya ni da rogo da alkawari. Na gangara Abijan na shiga dako a bakin teku. Kewar gida kamar ta kashe ni, amma kunya ta hana ni komawa hannu rabbana, shekara na bin shekara.

Abu ɗaya nake da shi wanda ba a cuce ni a kansa ba. Wani tsohon kuɗin azurfa ne mai faɗi, irin wanda mata ke ratayawa a wuya, Rabi ta gaje shi wurin kakarta. Ta ba baduku ya ɗinke shi cikin fata kamar laya, ta ɗaura mini, ta ce in na rasa komai in sayar in dawo. Da ta ba ni ma ba ta kira sunana ba. Rabi ba ta taɓa faɗin sunana ba, don macen da ta san kunya a garinmu ba ta faɗin sunan mijinta na fari. Sai dai ta ce “maigida”, in kuma da mutane ta ce “shi”. Akwai wani maƙwabcinmu mai suna Lawali, shi ma daga ranar da aka ɗaura mana aure ya koma “Mai-suna” a bakinta. Nakan tsokane ta in ce ko dai ta manta sunan ne, ta rufe baki da gefen zane ta shige ɗaki.

A shekarata ta uku na samu aiki a wani gidan taron Nasara da ke unguwarsu ta kan tudu. Tsawona da faɗin kafaɗata suka samar mini aikin, don abin da ake nema shi ne masu ɗaukar piyano. Wani baƙin akwati ne mai ƙafa uku da jerin haƙora farare da baƙaƙe, ana danna su yana kuka, nauyinsa kuwa sai mutum shida sun yi nishi. Mai gidan taron wani dogon Banasare ne, muna ce masa Dogon Wuya. Ranar farko ya tambayi sunana, na ce Lawali, ya ce ya yi masa wuya, ni Mamadu ne. Mu huɗu ne Mamadu a gidan nan.

Daga ƙarshen kaka har zuwa bazara lokacin kiɗansu ne. Jirgin ruwa kan kawo makaɗa daga Faransa, su yi 'yan kwanaki su wuce, wasu su zo. Wani zubin mutum huɗu ne, duk da goge: biyu ƙanana da ake maƙalewa a wuya, ɗaya ya ɗan fi su girma, na huɗun kuwa ƙato ne, sai an zauna an rungume shi tsakanin gwiwoyi. Wani zubin mutum uku ne, mai piyano da mai ƙaramin goge da mai babba. Mu Mamadu huɗu mu jera kujeru, mu goge daɓe, mu tura piyano, sannan mu tsaya bayan labule ba takalmi. An hana mu tari, an hana mu motsi.

Ni na sa wa abin suna kiɗan zaune, amma zaman makoki ya fi kama da shi. Mutane su sha ado su zo su zauna, hannu a cinya, ba mai cewa uffan. Ba rawa, ba guɗa, ba mai kiran sunan wani. In makaɗa suka ɗan tsaya, sai kowa ya yi tarin da ya daɗe yana riƙewa. In wani ya yi kuskuren tafi kafin lokaci, sai a juyo ana harararsa kamar ya saki iska a masallaci. In an gama duka a tafa hannu, makaɗa su sunkuya, kowa ya kama gabansa. Na yi wata da watanni ina leƙe ta gefen labule, ban ga mutum ɗaya ya tashi ya ba makaɗi ko ƙwayar goro ba. Abin da ake biya a bakin ƙofa kuwa, a hannun Dogon Wuya na ga yana shiga.

Wannan abu ya tsaya mini a rai, don ni ba haka na tashi ba. Mu ba makaɗa ba ne, manoma ne, amma a gidanmu makaɗi ba ya fita hannu banza. Ubana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa tuɓe rigarsa guda ɗaya mai kyau a tsakiyar kasuwa ya yafa wa wani mai goge, ya dawo gida da 'yar shara. Uwata ta yi faɗa kwana da kwanaki, amma in mai gogen ya bi ta ƙofar gida yana ambaton sunan mijinta, sai ka ga ta tsayar da taɓarya tana saurare. Haka abin yake a wurinmu. Kai ka ba makaɗi abin da ke hannunka, ka manna masa a goshi kowa na gani, shi kuma ya ɗauki sunanka ya kai shi inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba. Saboda haka na yanke cewa Nasara marowata ne, makaɗansu kuwa abin tausayi.

Ana cikin haka, bazara ta kawo kai, sai ga Illa, wani mutumin Korahane da muka taɓa kiwo tare. Ya rako shanu kurmi, ya yi ta tambaya a zangon Hausawa har ya same ni. Bayan mun gaisa ya ja ni gefe.

“Baba Na-Allah ya ce in hwaɗa maka, in na ishe ka da rai. Shekara ukku ba ci, ba sutura, ba labari. Ya ce in ruwan shuka ya sauka ba ka iso ba, za shi wurin alƙali a raba auren.”

Na ce, “Ita Rabi mi ta ce?”

“Mi za ta ce? Ba ta ce komi ba. Amma duk ran da 'yan rakiyar shanu sunka dawo, za ka gan ta bakin kasuwa ta tsaya nesa, tana duban hiskokinsu ɗai-ɗai.”

Ban iya cin abinci ba ranar nan. Na kai azurfar wurin wani maƙerin farfaru, ya taɓa ta ta cikin fatar, ya yi mata kuɗin da ko rabin hanya ba zai kai ni ba. In kuwa na ce da ƙafa zan tafi, kafin in isa gero ya yi bununi. Illa shi ma jiran ubangidansa yake ya sallame shi, na dube shi, ban gaya masa labarin gindin mangwaro ba.

Sai Allah ya kawo makaɗan ƙarshe na wannan shekarar, mutum huɗu masu goge. Na ji ana cewa su ba jirgin ruwa za su koma ba tukuna, arewa za su yi: Buwake, Bobo, Wagadugu, Yamai, Maraɗi, su ƙare a Damagaram, kuma Dogon Wuya ne zai kai su. Da na ji an ambaci Maraɗi sai na kasa kunne, don daga nan zuwa Dakoro tafiyar 'yan kwanaki ce a ƙasa. Mai babban gogen tsoho ne, gashinsa fari fat, ba ya iya ɗaukar kayansa. Na je na durƙusa gaban Dogon Wuya, na haɗa ɗan Faransancin da na tsinta a bakin teku, na roƙe shi. Ya gane a matse nake, ya ce to, amma ba albashi, abinci kawai da wurin zama, a sauke ni a Maraɗi. Na yi ta godiya kamar ya ba ni doki.

A Buwake zazzaɓi ya kayar da ni. Na ɓoye, don na san in Dogon Wuya ya gani zai bar ni a nan. Tsohon ne ya lura hannuna na rawa sa'ad da nake kwance igiyar akwatin gogen. Ya taɓa goshina da bayan hannunsa, ya shiga ɗaki ya kawo mini kinin, maganin zazzaɓi, da bargonsa na kansa, ya ɗora yatsa a baki, wato ba zai faɗa wa kowa ba. Tun da na bar gida ba wanda ya taɓa goshina don ya ji ko ina lafiya. Na lulluɓa da bargon nan na yi kuka, ba na zazzaɓi ba.

Daga Bobo muka bar jirgin ƙasa muka shiga kamiyo, babbar motar kaya. Sauran ma'aikata suna can bisa kaya rana na gasa su, ni kuwa ina ƙarƙashin tamfal a inuwa, rungume da akwatin gogen, don ba a so rana ta taɓa shi ko gargadar hanya ta fasa shi. Ban ruɗi kaina ba, na san darajar gogen na ci. In aka yada zango tsohon yakan buɗe akwatin ya duba, ya sa ɗan jiƙaƙƙen tsumma a ciki, yana yi wa abin magana a hankali. Wata rana da hantsi ya ga ina kallo, ya kamo hannuna ya ɗora a jikin gogen, ya ja tsirkiya mafi kauri. Na ji kukan ya bi ta tafin hannuna ya hau har ƙirjina. Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya ce, “Ka ji, Mamadu?” Na ce na ji.

A hanyar nan na ga abin da ban gani ba daga bayan labule. Wuyan farar rigarsa ya cinye, an juya shi an sake ɗinkewa. Takalminsa na kiɗa yana ƙyalli a sama, ƙasansa kuwa da huda, yakan cusa takarda. Na ga su huɗun sun tsare Dogon Wuya suna faɗa a kan haƙƙinsu, shi kuwa yana ɗaga kafaɗa yana nuna musu tafin hannu. Ba sai an fassara mini ba, na san wannan ɗaga kafaɗar tun gonar koko. Na ce a raina, ashe ni da tsohon nan ubangidanmu ɗaya, cutarmu ɗaya.

Muka shiga Wagadugu ana tsananin zafi. Da la'asar sakaliya aka yi kiɗan, a farfajiyar wani gidan shaƙatawar Nasara, don ɗaki ba ya zaunuwa. Rabin kujerun da na jera ba kowa a kansu. Waɗanda suka zo ma ba irin na Abijan ba ne, ma'aikata ne da sojoji da matansu, zafi ya gajiyar da su. Wasu na shan giya, wasu na fifita, wani mai ƙaton ciki a layin gaba har da gyangyaɗi. Tsohon kuwa kwana biyu cikinsa na damunsa, da ƙyar ya hau dandamali, ni na riƙe masa gogen har ya zauna.

Can tsakiyar kiɗan akwai wani wuri da sauran ukun ke yin ƙasa-ƙasa, babban gogen ya yi magana shi kaɗai. Na sha jin wurin a hanya, amma ban taɓa jin ya ja shi kamar na ranar nan ba. Ya rufe ido, ya kwantar da kai. Kukan ya fito a hankali, mai kauri, irin na saniyar da aka raba da ɗanta tana kiransa da yamma. Na ga rijiyoyinmu, na ga garke na dawowa, na ga Rabi a bakin kasuwa tana duban fuskokin mutane. Na share ido na dubi jama'a. Mai ƙaton cikin ya yi nisa da barci, wata mata na gyara jan bakinta. Na dubi tsohon, gumi na zuba a goshinsa, goshin nan a buɗe, ba ko anini a kai. Mutum ya tsufa, ya ƙetaro teku, ya zo yana zubar da ransa gaban mutanen da ba su san darajarsa ba.

Ban yi dogon tunani ba, amma kada a ce hankalina ne ya gushe. Na san abin da nake yi. Rabi ta ba ni azurfar nan don ta kai ni gida, ga shi kuwa tsohon nan ne ke kai ni gida, shi ya ba ni magani, shi ya lulluɓe ni. Na ce in na gaya mata wanda na ba, za ta yi faɗa irin na uwata, sannan ta ji daɗi. Na sa haƙori na yage fatar, na fito daga bayan labule, na taka a natse kamar yadda ubana ke takawa. Na ɗaga azurfar sama don kowa ya gani, na manna masa a goshi, na ce da ƙarfi, “Lawali na Dakoro ya ba ka.”

Idonsa a rufe yake, bai ga zuwana ba. Ya zabura, gogen ya yi wata ƙara mara daɗi, sauran ukun suka tsaya cak. Azurfar ta ɗan zauna a goshinsa, sannan ta zamo ta bugi cikin gogen, ta gangara ƙasa tana juyi. Wata mata ta ƙwala ihu. Kafin in buɗe baki gardi biyu sun danne ni, fuskata a daɓe. Ina jin Dogon Wuya yana ba manyan baƙi haƙuri. Daga inda nake kwance ina hango takalmin tsohon, da takardar da ya cusa a hudar.

Washegari da safe aka kai ni gaban alƙalin Nasara. Mai fassara wani Bamoshe ne da ya zauna cikin Hausawa, ya ji bayanina ya gane sarai, har ya girgiza kai. Ya yi wa alƙalin bayani da kyau, na ga yana nuna goshinsa yana kwatantawa. Alƙalin ya yi murmushi kamar an ba shi labarin yara. Dogon Wuya ya ce na kai hannu fuskar Banasare a gaban jama'a, na ɓata taro, na kuma yi wa goge mai tsada tabo. Sai aka shigo da tsohon, sanye da kayan tafiya, hularsa a hannu.

Da na gan shi raina ya kwanta. Aka tambaye shi ko na buge shi, ya ce a'a, tsoro kawai na ba shi. Aka tambaye shi ko ya san ni, ya ce ƙwarai, ni ne mai ɗaukar masa kaya, kuma ban taɓa yi masa komai ba. Sai alƙalin ya ce, to mene ne sunansa? Tsohon ya dube ni. Jiya-jiya na faɗa masa sunan a kunne, gaban mutane. Ya ce, “Mamadu.”

Azurfar tana kan tebur. Alƙalin ya tura ta gaban tsohon da bakin alƙalami, mai fassara ya gaya masa kyauta ce, haka ake girmama makaɗi a ƙasarmu. Tsohon ya ɗauka, ya juya ta gaba da baya, fuskarsa ta yi ja. Ya dube ni ya ce, “Mersi,” wato ya gode, ya sa ta a aljihu. Ya ce wa alƙalin a yi mini sassauci. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali. Alƙalin ya ce sassaucin ke nan, watanni zan yi, ba shekara ba.

Na roƙi mai fassara, na ce, “Malam, don Allah hwaɗa musu ruwan shuka ya kusa. In ban isa gida ba za a raba ni da matata. Su buge ni yadda sunka ga dama, amma su bar ni in bi motar.”

Ya faɗa musu, na ga bai rage komai ba. Tsohon ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa. Dogon Wuya ya dubi agogo ya ce rana na yi, Yamai da nisa. Tsohon ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana, sannan ya bi shi. Sa'ad da ake wucewa da ni kaso na hango kamiyon yana fita gari, wani mutum zaune ƙarƙashin tamfal a inuwa, rungume da akwatin gogen. Na tabbata shi ma kafin su kai Yamai ya zama Mamadu.

Mutane sukan ce mini ai tsohon bai yi mini mugunta ba. Na sani. Da mugu ne da abin ya fi mini sauƙi, don Dogon Wuya ban taɓa rasa barci a kansa ba. Amma a wurinmu ko makaɗin da ya fi kowa lalacewa, in ya karɓi kyautarka, ba zai bar wurin ba sai ya faɗi sunanka. Wannan ya karɓa, ya sa a aljihu, ya hau mota.

A kaso fasa marmara muke yi ana gyaran hanya. Wata tsohuwa Bakatsiniya mai sayar da fura a bakin hanyar ta ji ina Hausa, kullum sai ta faki idon gardi ta ajiye mini ƙwarya a gindin wani dutse. Ban san sunanta ba, Inna nake ce mata, ita kuma ta tambayi nawa tun ranar farko, ba ta kuma manta ba. Muna wurin aikin nan wata rana da azahar hadari ya haɗu daga gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Sauran 'yan kaso suka ɗaga fuska sama suna murna. Ni na ajiye guduma na zauna a ƙasa. Gardi ya zuba mini bulala ya gaji, ban tashi ba, ban ma ji zafinta sosai ba.

Da aka sake ni damina ta yi nisa. Na kama hanyar gabas da ƙafa. Inda na tarar ana noma in yi ƙodago a ba ni tuwo, in wuce. A wata ruga Fulani suka ga ƙafafuna sun kumbura, suka tsare ni kwana biyu suna ba ni nono, ba su tambaye ni komai ba. A wani gari kuma aka kore ni daga zauren da na fake wa ruwa. Na ƙetare kogi a Yamai, na wuce Doso, na wuce Ƙonni. Gero ya yi kai ina tafe, ya nuna ina tafe, aka girbe shi ina tafe. Ina sane da cewa na makara, amma ban san inda zan nufa ba in ba can ba.

Na shiga Dakoro an riga an cika rumbuna. Uwata ta gan ni ta zauna a ƙasa. Bayan na huta na je gaida Baba Na-Allah. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya kuma gaya mini gaskiya ba kwana-kwana.

“Lawali, ban yi maka gaggawa ba. Ruwa ya sauka, na ce za ni wurin alƙali, ta kama ƙahwata ta ce in ƙara mata wata guda, Illa ya aiko ya ce ya gan ka, kana nan tahe. Na ƙara mata. Watan ya ƙare, munka tahi. Ta yi idda, wani mutumin Azagor mai raƙuma ya nema, anka ba shi. Mutumin kirki ne. Ka yi haƙuri.”

Na ce ba komai, haka Allah ya so. Me zan ce? Bai cuce ni ba. Da 'yata ce, da abin da zan yi ke nan.

Ban nemi ganinta ba, ran kasuwa ce ta haɗa mu. Na fito daga wajen masu dabbobi sai ga ta, ɗauke da ƙwarya, sanye da baƙin zane irin na matan arewa. Ba hanyar kaucewa. Muka tsaya, muka gaisa kamar baƙi, ta tambayi gajiya, na tambayi gida. Ba ta dubi fuskata ba, wuyana take duba, inda igiyar ta saba zama.

Ta ce, “Ka sayar da ita?”

Na ce, “A'a. Na ba makaɗi.”

Ta ɗago kai. Na zaci za ta yi faɗa, na ma so ta yi. Sai ta ce, “Halin gidanku ke nan. Ya iya kiɗi?”

“Ban taɓa jin irinshi ba.”

“To, ya ambace ka?”

Na ce, “Bai san sunana ba.”

Wani mai jaki ya ce mu ba shi hanya, muka matsa. Ta gyara gammonta, ta daidaita ƙwaryar a ka, ta ce, “Allah shi ba mu haƙuri. Sai wata rana, Lawali.”

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ta faɗe shi daidai, ba ta rufe baki da zane ba, kamar yadda ake kiran kowane mutum a kasuwa.